Sarauta, mulki, iko da hukunci a bakin annabawa

Wani ɗan'uwa daga Tawa, mai karanta Littafi Mai Tsarki a majami'arsu ran Lahadi, ya aiko da tambaya: "Malam, a littafin Daniyel ina cin karo da sarauta, mulki da iko. Duk abu guda ne? Hukuncin Allah da annabawa ke yawan ambato kuma, horo ne kurum?"

Ɗan'uwa, ba abu guda ba ne. Sarauta ana naɗa ta, ana gadonta, kamar ta Sarkin Adar a Illela. Mulki daga Larabci muka aro shi, shi ne riƙon ƙasa da jama'arta. Iko kuwa shi ne a ce a yi, a kuma yi. Mutum kan sha rawani iko na hannun wani. Shi ya sa in Bahaushe ya ga abin da ya fi ƙarfin kowa ba ya kiran sarauta, sai ya ce ikon Allah sai kallo.

Duba sura ta 5 ta Daniyel. Belshazzar yana riƙe da Babila ne a madadin ubansa Sarki Nabonidas, wanda ya daɗe a Taima ta ƙasar Larabawa. Masana da yawa na ganin dalilin ke nan da ya yi wa Daniyel alkawarin matsayi na uku a mulki, don na biyun shi ke kai. Ya sa aka ɗauko kwanonin Haikalin Urushalima aka sha ruwan inabi da su, sai hannu ya rubuta a bango da Aramiyanci: mene, mene, tekel, ufarsin. Daniyel ya fassara masa: an ƙidaya kwanakin mulkinsa, an auna shi ya gaza, an raba ƙasarsa ga Mediyawa da Farisawa. Babila ta faɗa hannun rundunar Sairus, sarkin Farisa, a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu. Belshazzar mulki ya riƙa, amma ko daren nan bai da ikon kaiwa safiya.

Kalmar hukunci kuwa, yawan jin "za a hukunta shi" a rediyo ne ya taƙaita ta a kunnuwanmu. Tushenta ɗaya da hukuma, hakimi da hikima. Alƙalin da ya wanke wanda aka zalunta ya mayar masa da gonarsa, shi ma hukunci ya yanke. A Irmiya sura ta 18, a gidan maginin tukwane, an ce al'ummar da aka shirya wa masifa in ta bar muguntarta za a fasa. Haka ya faru da mutanen Nineba a zamanin Yunusa, har annabin ya ji haushi. To, in kana karatu gaban jama'a kada ka riƙa ɗaure fuska duk inda kalmar ta fito.

Wata baiwar Allah daga Yamai ta tambaya ko "sarki goma, zamani goma" ya dace da faɗuwar Babila. Baiwar Allah, ya dace rabi. Karin maganar ya lura cewa zamani na juyawa, bai faɗi mai juya shi ba. Daniyel 2:21 ya faɗa: Allah ne ke tuɓe sarakuna ya naɗa waɗansu. Ni na fi son "alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi", domin annabawa ba su ɗauki faɗuwar daula a matsayin tsautsayi ba, suna kafa mata laifi tukuna. Ishaya sura ta 10 ya kira daular Assuriya sandar fushin Allah, sannan ya ce ita ma za a bi ta da nata, don ta yi zaton ƙarfinta ne. Ya tambaya ko gatari zai yi wa mai sara da shi fahariya.