Tambaya da Amsa: Karrama jami'o'i saboda hulɗarsu da al'umma

Tambaya: Ni malama ce a wata jami'a, kuma kwanan nan aka sa ni cikin kwamitin da zai tattara bayanan ayyukan da muke yi da jama'ar da ke kewaye da mu, da nufin neman lambar yabo. Wasu abokan aikina sun ce neman suna ne kawai, tunda aikin jami'a koyarwa ne da bincike. Don Allah su wa ke ba da irin wannan karramawa, me suke dubawa, kuma kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Amsa: Malama, abokan aikinki suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin akwai jami'o'in da ke tara hotunan bukukuwa su kira su hidimar al'umma. Sai dai cewa aikin jami'a ya tsaya a koyarwa da bincike bai yi daidai da tarihi ba. Tun a 1862 dokar Morrill a Amurka ta ware filaye domin kafa kwalejojin aikin gona da sana'o'i, sannan a 1914 dokar Smith-Lever ta ɗora musu aikin kai sakamakon bincikensu ga manoma ta hannun malaman gona. Afirka ta Kudu ma, a takardar manufofin ilimi mai zurfi ta 1997, ta sanya hidimar al'umma cikin abin da ake tsammani daga jami'o'inta.

Karramawar da ta fi suna ita ce ta Gidauniyar Carnegie a Amurka, wadda aka fara a 2006 da makarantu 76. Babu na ɗaya ko na goma a cikinta, kuma ba a tilasta wa kowa shiga. Makaranta ce ke nema da kanta, ta yi wa kanta binciken ƙwaƙwaf, ta kawo hujjoji, masu tantancewa su ce ta cancanta ko ba ta cancanta ba, kuma bayan wasu shekaru dole ta sake nema. Akwai kuma ƙungiyar Talloires, wadda shugabannin jami'o'i suka kafa a 2005 a Faransa bisa gayyatar Jami'ar Tufts, tana ba da kyautar MacJannet ga shirye-shiryen da ɗalibai ke taka rawa a cikinsu a ƙasashe daban-daban. Mujallar Times Higher Education kuwa tun 2019 take jera jami'o'i bisa gudummawarsu ga muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya.

A cikin waɗannan, tsarin Carnegie nake so kwamitinku ya nazarta da kyau ko da ba shi za ku nema ba, saboda ma'anar da ya ba wa hulɗa da al'umma. A wurinsu hulɗa ita ce haɗin gwiwar da jami'a da jama'a ke musayar ilimi da kayan aiki a cikinsa, kowane ɓangare yana bayarwa yana kuma amfana. Wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya tace rabin abin da ake yawan cusawa cikin rahotanni. Ki ɗauki misalin sashen koyon aikin jinya da ya kai ɗalibai wata unguwa ranar Asabar, aka auna hawan jini, aka raba takardu, aka ɗauki hoto, motar makaranta ta juya kafin la'asar. Alheri ne, babu musu, amma ba wanda ya tambayi mutanen unguwar abin da ya fi damunsu, kuma ba wanda zai dawo ya ga ko dattijon da aka ce jininsa ya hau ya samu magani. Da a ce sashen ya zauna da ma'aikatan asibitin unguwar tun farkon zango, suka zaɓi matsalar tare, ɗalibai na zuwa duk mako a matsayin darasin da ake ba shi maki, ma'aikatan kuma suna shiga aji suna faɗa wa ɗalibai abin da littafi bai faɗa ba, to wannan ne abin da masu tantancewa ke nema.

Abu biyu a cikin takardar neman karramawar Carnegie sun fi burge ni. Na farko, tana tambaya ko ƙa'idojin ƙarin girma na malamai suna lissafa irin wannan aiki, kuma nan ne jami'o'i da yawa ke tuntuɓe, domin malamin da ya shafe shekaru uku yana aiki da ƙungiyar manoma yakan ga takwaransa da ya wallafa maƙaloli a mujallu ya riga shi zama farfesa. Muddin haka ake ciki, matasan malamai za su guje wa aikin, kuma ban ga laifinsu ba. Birtaniya ta taɓa wannan matsala ta hanyar kuɗi: a tantancewar binciken jami'o'inta ta 2014, wadda ake raba musu kuɗin bincike bisa sakamakonta, tasirin bincike a wajen jami'a ya ɗauki kashi 20 cikin ɗari na maki, a 2021 ya koma kashi 25. Na biyu, a tsarin Carnegie ana tuntuɓar ƙungiyoyin da makarantar ta ce tana aiki da su domin a ji ta bakinsu, wanda ya dace ƙwarai, tunda dai yabon kai jahilci ne.

Saboda haka shawarata ita ce ki zauna cikin kwamitin. Kafin ku rubuta ko layi ɗaya, ku gayyaci shugabannin ƙungiyoyi, makarantu da asibitocin da kuke cewa abokan hulɗarku ne, ku bar su su yi magana ba tare da manyan jami'a a ɗakin ba, ku rubuta ƙorafinsu kamar yadda suka faɗe shi. Daga nan ku ɗauko takardar ƙa'idojin ƙarin girma ku duba ko akwai sakin layin da ya ambaci aiki da al'umma. Idan babu, ku shirya takardar neman gyara zuwa majalisar jami'a, ku miƙa ta tare da rahotonku.