Ƙarfi ko Saiti: Wanne Ya Fi Amfani a Bugun Farko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga wasan pul a wani gidan wasa da ke unguwarmu, ina kuma kallon gasar ƙwararru a intanet. Nakan zuba duk ƙarfina a bugun farko na tarwatsa ƙwallaye, amma sau da yawa farar ƙwallo takan yi tsalle ta bar teburi, ko ta faɗa rami. Da wane irin gudu ƙwararru suke bugawa, kuma ina kuskurena yake? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yawancin ƙwararru suna buga farar ƙwallo da gudun kilomita 30 zuwa 40 a awa, masu ƙarfin hannu sosai kuwa sukan kusanci 50. Sai dai matsalarka ba ta gudu ba ce. Ƙarfin da farar ta ɗauko ba ya shiga cikin jerin ƙwallayen gaba ɗaya sai idan ta daki ta gaba a tsakiyarta cif. Idan ta kauce ko da kaɗan ne, ragowar ƙarfin yana zama a jikinta, shi ya sa take yawo har ta faɗa rami. Tsallen kuwa daga ɗaga gindin sanda yake zuwa, domin sandar tana danna ƙwallon cikin teburi, ita kuma sai ta tashi sama.

Ka duba Shane Van Boening na Amurka, wanda ya ci gasar US Open ta wasan ƙwallo tara sau biyar tsakanin 2007 da 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2022. Idan kana kallonsa, ka bar ƙwallayen da suke watsewa, ka sa ido a kan farar: za ka ga takan tsaya kusa da tsakiyar teburi, inda bugu na gaba yake da sauƙi. A ganina, wannan ne ma'aunin gwaninta. Corey Deuel, shi ma ɗan Amurka, ya ci gasar US Open ɗin a 2001 da bugu mai taushi ƙwarai, kuma irin wannan salo ne ya sa gasanni da dama suka kafa dokar cewa dole ƙwallo uku su shiga rami ko su tsallake layin da ake bugawa daga bayansa.

Saboda haka ka rage ƙarfinka zuwa kamar kashi uku cikin huɗu, ka shimfiɗa sandar daidai da teburi, ka sassauta riƙonta, ka bar ta ta wuce gaba bayan ta taɓa ƙwallo. Kafin ka buga, ka tabbata ƙwallayen sun manne da juna, domin ɗan giɓi a tsakaninsu yana cinye bugun komai ƙarfinsa. Sai farar ta fara tsaya maka a tsakiya a kai a kai sannan ka ƙara gudu sannu a hankali.