Na zagi yayana cikin fushi, na rantse ba zan ƙara taka gidansa ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maradi. Ni da yayana uba ɗaya muke, uwa kowa da tasa. Mun yi cacar baki kan gonar da mahaifinmu ya bari a fadamar gulbi, raina ya ɓaci, a gaban mutane na ce masa shege, na ce ba shi da gado a gidanmu. Na ƙara da cewa wallahi ba zan ƙara taka gidansa ba, ba zan ƙara yi masa magana ba. An kusa wata biyu ke nan. Yanzu na yi nadama, har ina jin kamar sallata ba ta karɓuwa. Na yi azumi uku na kaffara. Shin ya wadatar? Kuma Allah zai yafe mini?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ƙofar tuba a buɗe take gare ka, amma azumin da ka yi bai sauke maka kaffara ba, kuma rantsuwar ita ce mafi sauƙi cikin abin da ke wuyanka.

Fushi bai zama maka uzuri ba. Wanda ake ɗauke wa alƙalami shi ne wanda hankalinsa ya gushe har bai san abin da ya fito daga bakinsa ba. Kai kuwa ga shi ka kawo maganar kalma bayan kalma, ke nan da hankalinka ka faɗe ta. Rantsuwar ta ƙullu, zagin kuma an rubuta shi.

Zagin shi ne babba. A bakin mutanenmu kalmar nan ta zama ruwan dare, ana jefa wa yaro ita don ya zubar da kunu, kuma malamai suna duba wurin da aka faɗi magana da abin da ake nufi da ita. Amma kai ka faɗe ta a rikicin gado, ka haɗa da cewa ba shi da rabo a gidanku. Duk wanda ke wurin abu ɗaya ya fahimta: ka kore shi daga mahaifinsa. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa wanda ya kore mutum daga nasabarsa haddi ya hau kansa, haddin ƙazafi kuwa bulala 80 ne, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 4. Zartar da haddi aikin hukuma ne, na ambace shi ne don ka san nauyin abin. Kuma ka lura da wanda kalmar ta fi soka: mahaifiyarsa, matar mahaifinka, wadda ba ta ma wurin. Jifan mata masu kamun kai yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa da Annabi (SAW) ya lissafa. Saboda haka mutum biyu ke bin ka haƙƙi.

Tuba tsakaninka da Allah nadama ce, da barin laifin, da ƙudurta ba za ka koma ba. Idan haƙƙin mutum ya shigo, sai an ƙara neman yafiyarsa. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya zalunci ɗan'uwansa a mutuncinsa ko wani abu, ya nemi ya warware masa yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, ranar da za a ɗebi ladansa a biya. Istigfari a ɗaki, komai yawansa, ba ya biyan wannan bashi.

Ga yadda za ka yi. Ka nemi dattijo ɗaya da yayanka ke jin nauyinsa, baffanku ko limamin unguwa, ya fara shiga ya share maka hanya. Sannan ka je da ƙafarka. Ka yi sallama, ka ce: "Yaya, abin da na faɗa ƙarya ne, kai ɗan mahaifinmu ne, na zalunce ka, ka yafe mini don Allah." Kada ka saka "amma kai ma" a ciki, nan ne yawancin sulhu ke wargajewa, a koma gidan jiya. Tunda a bainar jama'a ka ɓata shi, ka ƙaryata kanka a gaban waɗanda suka ji, ko wasu daga cikinsu, domin malamai da yawa sun sanya ƙaryata kai cikin tubar mai ƙazafi. Idan mahaifiyarsa tana raye kuma maganar ta kai mata, ka durƙusa gabanta ka roƙe ta. Idan ba ta ji ba, kada ka kai mata abin da zai ƙona mata rai, ka wanke sunanta a wurin da ka ɓata shi, ka yi mata addu'a. In ta rasu, addu'a da sadaka da nufin ladan ya kai gare ta.

Rantsuwar kuwa, karya ta wajibi ne a kanka, domin ta ƙullu a kan yanke zumunci. Allah ya ce kada ku sanya shi shamaki ga rantsuwoyinku har ya hana ku aikin alheri da sulhu tsakanin mutane (Baƙara, 224). Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman ɗan Samura idan ya yi rantsuwa sannan ya ga wani abu ya fi ta alheri, ya yi kaffara ya aikata abin da ya fi. Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara ciyar da wani ɗan'uwansa mai suna Misɗahu ba, bayan Misɗahun ya shiga cikin masu yi wa Nana A'isha ƙage. Da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana tambaya ko ba kwa son Allah ya gafarta muku, sai ya mayar masa da ciyarwar. Shi aka zalunta ya janye rantsuwa, ina ga kai da ka yi zaluncin?

Tunda "wallahi" ɗaya ka faɗa ka jera abu biyu a ƙarƙashinta, kaffara ɗaya ce. Da ka shiga gidan ko ka yi masa magana, rantsuwar ta karye. A mazhabar Malik ko wasiƙa ka aika ta isa gare shi ta karye, saƙon WhatsApp ma haka yake. Kana iya fitar da kaffara kafin karyawa, amma bayan karyawa ya fi.

Aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta ba da zaɓi uku: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa. Azumin kwana uku na wanda ya kasa duka ukun ne. Mutane da yawa suna tsallakewa zuwa azumi suna ganin shi ne asali, alhali mai rumfa a kasuwa da ke da abincin gidansa har da rara, azumi ba ya isar masa. Idan ranar da ka yi azumin kana da halin ciyarwa, sai ka ciyar yanzu.

Kowane miskini mudun Annabi ɗaya, daga abincin da aka fi ci a gari, hatsi ko dawa ko shinkafa. Mudun Annabi shi ne cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, rabin kilo da ɗoriya. Ba tiyar kasuwa ake nufi ba, ta fi shi girma nesa. An so a ƙara sulusi ko rabin mudu a kai, a haɗa da ɗan mai ko kayan miya, don haka wanda ya ba kowa kilo guda ya fita daga shakka. In dafaffe za ka bayar, sai ka ƙosar da mutum goman nan sau biyu, na rana da na dare. Almajirai goma sun isar. Abin da ke ɓata kaffara: a juye mudu goman ga mutum ɗaya ko biyu, ko a ba wanda ciyar da shi ke wuyanka kamar matarka da 'ya'yanka, ko a ciyar da biyar a tufatar da biyar. Kuɗi a madadin abinci Hanafawa sun halatta, Malikawa ba su halatta ba, kuma hatsi ba wuyar samu yake a Maradi ba. Mai son tufatarwa, namiji riga, mace riga da mayafi.

Game da sallarka, ta inganta, babu ramuwa. Abin tsoro shi ne gabar. Bai halatta musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma Muslim ya ruwaito cewa Litinin da Alhamis ana gafarta wa duk wanda ba ya shirka, ban da mutum biyu masu gaba, sai a ce a jinkirta musu har su shirya. Sallama tana fitar da kai daga gaba, don haka kada ka jira Sallah ko wani biki. Tunanin cewa Allah ba zai karɓe ka ba kuwa, daga Shaiɗanin da ya hura maka wutar fushin yake. A Ali Imrana, ayar da ta yabi masu haɗiye fushi (134), wadda ke bi mata ta yabi waɗanda suka yi alfasha ko suka zalunci kansu sannan suka tuna Allah suka nemi gafara ba su doge ba, kuma sakamakon da aya ta 136 ta ambata ya haɗa su duka. A hadisin Bukhari da Muslim Allah ya rubuta cewa rahamarsa ta rinjayi fushinsa.

Idan yayanka ya ƙi amsawa, kada ka zuciya. Mutumin da aka taɓa uwarsa yana buƙatar lokaci. Ka ci gaba da sallama, ka je suna da ta'aziyya, ka sake tura dattijon bayan 'yan kwanaki.

Tuba ba ta nufin ka bar rabonka na gona. Amma kada ka tayar da zancen ranar neman yafiya. In ƙura ta lafa, ku kai wa malamin da ya san rabon gado, a kira dukan magada har mata, a auna gonar a gaban shaidu, a rubuta. Ranar zaman, in ka ji zuciya ta fara tafasa, ka yi a'uziyya, ka yi shiru, in kana tsaye ka zauna, in ta ƙi ka tashi ka yi alwala ka bar dattijo ya yi magana a madadinka.

Wallahu a'alam.