Amsa kan ɗaure bindigar harbi-ka-ruga ko ta farauta a ƙarƙashin tebur

Malam, ka tambaya ko ya dace ka ɗaure bindigarka a ƙarƙashin teburin shago domin hannunka ya kai gare ta da sauri idan 'yan fashi suka shigo. Na fahimci fargabarka, amma ina roƙonka kada ka yi haka.

Da farko dai, Dokar Makamai ta 1959 ta hana kowa a Najeriya riƙe bindigar farauta sai da lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kuwa harbi-ka-ruga dokar ta ba Kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon wajabta mata lasisi, kuma ta ɗora wa mai lasisin nauyin adana ta inda wani ba zai kai gare ta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, bindigar da aka kwantar a ƙarƙashin tebur bakinta yana kallon duk wanda ya zauna a gabanka, ko mai ciniki ne ko yaron shago da ya durƙusa yin shara. Makullin hana tashi na yawancin bindigogin farauta kunamar kawai yake tarewa, saboda haka idan ta suɓuce ta faɗi da harsashi a ciki tana iya tashi, kuma katakon tebur ba ya tare ƙwayoyin harsashi. Ga ta da tsawo, kafin ka zaro ta daga tsakanin gwiwoyinka wanda ya shigo ya riga ka, wataƙila ma ya tafi da ita.

Ka ajiye ta a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsasai kuma a wani wuri dabam, sannan ka ƙarfafa ƙofa, ka rage kuɗin da ke kwana a shagon.