Me ya sa 720,720 take rabuwa da kowace lamba daga 1 zuwa 16?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina wasa da kalkuleta sai na ga 720,720 tana rabuwa da 2, da 3, har zuwa 16 babu saura, amma da na zo 17 sai ta ƙi. Dace ne kawai, ko akwai dalili? Kuma a wane rukuni masana lissafi suka sa ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ba dace ba ne, ginin lambar ne ya jawo haka.

Fara duba siffarta: 720 ce aka rubuta sau biyu a jere. Duk lamba mai alƙaluma uku da aka maimaita haka, tamkar an ninka ta ne sau 1,001. Ita kuwa 1,001 daidai take da 7 × 11 × 13. Gwada da 358,358 ka gani, 7 da 11 da 13 duk za su raba ta tas. Saura 720, wadda ita ce 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5.

Waɗannan su ne tubalan lambar, wato lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu. Duk wadda za ta raba 720,720 dole a iya harhaɗa ta daga cikinsu. 16 tana buƙatar 2 har guda huɗu, akwai su. 14 tana buƙatar 2 da 7, akwai su. Amma 17 ita ma tubali ce, kuma ba ta cikin jerin, shi ya sa ta bar maka saura 5. Babu wata lamba ƙasa da 720,720 da ke karɓar 1 zuwa 16 gaba ɗaya. Rabinta ma, 360,360, a 15 take tsayawa, domin 2 guda uku kacal gare ta.

Wurin da ya fi burge ni shi ne ƙirga masu raba ta, don ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Wajen haɗa mai rabawa, kana iya ɗaukar 2 sau ɗaya, biyu, uku, huɗu, ko ka bar ta: zaɓi 5 ke nan. A kan 3 zaɓi 3 ne. Sauran huɗun kuwa, wato 5, 7, 11 da 13, ko ka ɗauka ko ka bari, zaɓi bibbiyu. To 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 ya ba mu 240. Duk lambobin da ke ƙasa da ita ba wadda ta kai hakan. Irin waɗannan da suka zarce duk na gabaninsu yawan masu rabawa su ne Srinivasa Ramanujan, masanin lissafi ɗan Indiya, ya yi dogon nazari a kansu a 1915. Ba za ka sami wadda ta wuce 240 ba sai ka haura miliyan, ka isa 1,081,080 mai 256.

Akwai wani rukunin kuma. Idan ka tara masu raba lamba ban da ita kanta, jimillar kan gaza lambar, ko ta yi daidai da ita kamar 6 (1 + 2 + 3), ko ta zarce ta. Taka ta zarce nesa ba kusa ba: jimillar 2,529,072 ce, fiye da ninki uku da rabi.

In kana son wadda za ta karɓi 17 ɗin, ninka ta sau 17, ka sami 12,252,240. Wannan har 18 ma tana rabuwa da ita, sai a 19 za ta cije.