Hukuncin Abotar da Kare Ya Haɗa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni manomi ne, kuma da rani ina fita farauta da karnukana biyu. Shekara 14 da suka wuce na haɗu da wani mutum a asibitin dabbobi, ya kawo karyarsa allura ni ma na kawo nawa. Daga hirar karnuka muka saba har muka zama aminai. Yanzu tare muke shiga daji, ya halarci sunan 'ya'yana uku, shi ya yi jinyata da na karye a ƙafa. Amma yayana ya matsa mini, wai abotar da kare ya haɗa ba ta da albarka, wai ma sallata ba ta yiwuwa saboda karnukan suna lasar rigata. Shin in rabu da abokina?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, kada ka rabu da shi a kan wannan dalili. Ban san wata aya ko hadisi da ta ce ana auna abota da wurin da aka fara haɗuwa ba. Annabi (SAW) cewa ya yi mutum yana kan addinin amininsa, sai kowa ya duba wanda yake aminta da shi, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Halin mutumin aka ce a duba. Wanda ya zauna a gefen shimfiɗarka kana ɗaure da karan ɗori, ai ka riga ka ga wani abu daga halinsa.

Sai dai yayanka bai ƙagi damuwarsa ba, akwai abin da ya ji. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk wanda ya ajiye kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya, wato wani kaso, daga ladansa kullum, a ruwayar Abu Huraira. A ta Ibn Umar ƙiraɗi biyu ne. Haka kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. To kai ka faɗa cikin waɗanda aka togace ta fuska biyu, noma da farauta. Abin da nake so ka kula shi ne sharaɗin da littafin fiƙihu na Risala ya kawo: farautar ta zama don neman abin sawa a baka. Ta nishaɗi zalla makaruhi ce a mazhabarmu ta Malikiyya. In abin da kuka kamo yana shiga tukunyar gida ko kuna sayarwa ku yi cefane, babu laifi. Karnukan kuwa a yi musu wuri a bayan gida ko a gona, ban da ɗakin kwana da inda ake salla.

Batun gadin gida, tunda na san za a tambaya, malamai da yawa sun yi ƙiyasinsa a kan gadin gona. Masu sharhin Risala suna kawo labarin mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira: katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Malik ya ƙi hakan, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye.

Maganar riga ta fi sauƙi. A wurin Imam Malik duk abu mai rai tsarkakakke ne, da yawunsa da guminsa, har kare. Wanke ƙwarya sau bakwai da hadisi ya yi umarni da shi idan kare ya sa baki a ciki, Malik ya ɗauke shi umarni ne na bauta kawai, bai ɗauke shi shaidar najasa ba. Hujjarsa kuwa mai kama hankali ce: Allah ya halatta mana abin da kare ya kamo da bakinsa a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, to ta yaya za a ci farautarsa a ƙyamaci yawunsa? Imam Shafi'i da Imam Ahmad sun saɓa masa, suna ganin najasa ne. Saboda haka sallarka ta yi. In ka ware rigar daji daban da ta masallaci ka fita daga saɓani, kuma waɗanda ke gefenka a sahu za su fi sakewa. Wannan shawara ce, ban wajabta maka ba.

Inda abotar taku take taɓa fiƙihu kai tsaye shi ne cikin daji, kuma nan ne mafarauta da yawa suke sakaci. Adiyyu bin Hatim ya tambayi Annabi (SAW) cewa yakan saki karensa, sai ya tarar da wani kare tare da shi a kan abin da aka kama, bai san wanne ya kashe ba. Aka ce masa kada ya ci, don a kan karensa ya yi bisimilla, bai yi a kan ɗayan ba. Ku da kuke sakin karnuka tare, zomo ya tashi daga gindin sabara, naka da nasa su rufe shi kafin ku iso. In ku duka biyun kun yi bisimilla wajen saki, kuma karnukan horarru ne, masu tafiya in an tura su da tsayawa in an tsawata, to halal ne ko da kun tarar ya mutu. In wani karen da ba ku san mai shi ba ya shiga ciki, ko ɗayanku ya bar bisimilla da gangan, mushe ne. In kuma kun same shi da sauran rai, dole a yanka. Don haka ka tabbata abokinka ya san wannan, koya masa ma yana cikin haƙƙin abota.

Sannan 'yan kwikwiyo. In karyarsa ta haihu ya ba ka, kyauta ta fi. An ruwaito hanin Annabi (SAW) daga Abu Mas'ud a kan kuɗin kare, kuma abin da ya shahara a mazhaba shi ne hana sayarwa. Amma Sahnun, ɗaya daga manyan malaman Malikiyya, ya halatta sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa, har ya ce zai sayar ya yi hajji da kuɗin, Abu Hanifa ma ya halatta. Wanda ya bi su ba na zafafa masa.

Abin da zai sa in ce ka ja baya daban ne. Mun san yadda wasu ayarin farauta suke: a fita tun asuba a dawo bayan magariba ba wanda ya kai goshi ƙasa, ga ƙwaya, ga layu da guraye da ake jingina musu tsari, ga sara da suka tsakanin unguwa da unguwa a kan wa ya fara jifa, ga karnuka a cikin gonar rogon mutane. In fitarku ta fara kama da haka, ka yi masa nasiha, in ya ƙi ka daina binsa dajin, amma gaisuwa da zumunci ba sa faɗuwa.

Allurar haukan kare da ta haɗa ku, ku ci gaba da yin ta a kan lokacinta, don in karenka ya ciji yaron maƙwabci saboda sakacinka, kai za a tambaya. Yayanka kuma ka je ka same shi da ladabi, ka karanta masa wannan amsa, in an dace da kamu ka aika masa da cinya. Allah ne mafi sani.