Amsar Gwaggo ga 'yarta da ke karatu a Garnaɗa

Ɗiyata, bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, kuma sai da na yi dariya har da ƙwalla. Kin ce ranar da kika durƙusa za ki gai da tsohuwar da kike zaune a gidanta, ta ɗauka jiri ne ya ɗebe ki, ta ruga ɗebo ruwa. Kin ce ta hana ki kira ta da komai sai sunanta gatsau, ga kuma sumba biyu a kumatu da ake yi wa kowa. Tambayarki ita ce, in kin bi su, kin zubar da tarbiyyar gida ke nan?

Ba ki zubar ba. Mun koya miki durƙuso ne don babba ya san kin girmama shi. To ga babba kin durƙusa mata, ita kuma tsoro ta ji. Wa aka girmama? Ki miƙe tsaye ki gaishe ta yadda za ta gane. Haka ma sunkuyar da kai. A nan kunya ce, a Sifaniya kuwa wanda ba ya duban idon mai yi masa magana sai a zaci yana ɓoye wani abu. Ki dube ta. Sunan kuma, na san bakinki zai yi nauyi, ni ma nawa zai yi. Suna da Doña da suke sa wa dattijuwa kafin sunanta, ki gwada shi. In ta ce yana tsofar da ita, ki bar shi, gidanta ne.

Kada ki ga kamar Gwaggo ta yi sassauci. Garin nan da kike ciki, kafin ya faɗi hannun Kiristoci a 1492, malamansa Malikawa ne irin namu. Ibn Asim, mai littafin shari'a Tuhfa ɗin nan da alƙalanmu ke karantawa har gobe, alƙalin Garnaɗa ne. Kuma mazhabar nan tana ba al'adar gari muhimmanci matuƙar ba ta ci karo da shari'a ba. Nan ne iyakar.

Saboda haka sumbar mata 'yan uwanki ba komai, kumatu ne kawai ake haɗawa. Ta maza kuwa a'a. Amma akwai dabara, don kada ki kunyata mutum a gaban jama'a: kafin ya matso ki riga shi, ki ɗora hannu a ƙirji, ki saki fuska, ki gaishe shi da fara'a. Abin da yake ɓata rai shi ne ya riga ya sunkuyo sannan ki zabura baya. Kuma ki yi wa kowa iri ɗaya tun farko, kada yau ki yarda gobe ki ƙi.

Inda nake so ki buɗe kunne shi ne abinci. Mu an raine mu a kan kawaici, a ba ka abin da ba ka so ka karɓa ka yi shiru. Wannan ba zai yi miki ba a ƙasar da ake rataye cinyoyin alade a kantuna kamar kayan ado, ga garin Trevélez nan a duwatsun kusa da ku, wanda ya yi suna da naman. Ki faɗa wa matar nan ƙarara, ba alade, ba giya. Ki ƙara da kitsensa da romonsa, don mai girki tana iya tsame naman daga tukunyar wake ta miƙo miki da zuciya ɗaya. Alawar da suke rabawa lokacin Kirsimeti, polvorones da mantecados, yawanci da kitsen alade ake yi, ki riƙa karanta jikin takarda. Naman halal kuwa ba wuya a wajen unguwar Albaicín, inda babban masallacin da aka buɗe a 2003 yake kallon Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi.

Sai abin da ba ki tambaya ba, amma na hango shi a saƙonki. Kin ce da kin gama ci sai ki kwashe kwanuka ki shige ɗaki. A nan yarinyar kirki ke nan. A can ƙin mutane ne. Su abincin rana sai ƙarfe biyu ko uku, na dare tara zuwa goma, kuma bayan an cinye ba a tashi, zama ake yi a tebur ana hira ana musu, kowa na katse kowa. Ba faɗa suke ba, haka muryarsu take. Ki zauna. Harshen da kika ƙetare hamada da teku don ki koya, a teburin nan yake fiye da aji, musamman da yake mutanen kudancin Sifaniya suna haɗiye ƙarshen kalmomi, sai kunne ya saba.

Ran Lahadi ki roƙi aron kicin ki yi musu dafa-duka, ki rage yaji sosai don ba su saba ba. Zan ba wanda zai zo daddawa da kuka ya kawo miki. Amma in kin dawo hutu kika tsaya ƙiƙam a gaban Babanki kika miƙa masa kumatu, ni da ke ne.

Kowa yana gaishe ki.

Gwaggonki